Na'urar da Ke Tambayar Ko An Ci Abinci

Ni fa abin da ya ɗaure mini kai shi ne jan biron editar nan. Littafina labarin mutane ne da suka hau jirgi za su wata duniya, kuma na'urar da ke tuƙa jirgin, bakin marigayiya Innarmu na sa mata. Ko wuta ce ta kama a ɗakin inji, sai ta fara da, "Kun ci abinci kuwa?"

Editar ta ce kamfaninsu zai buga ya kai shaguna, amma sai an cire tambayar. "Na'ura ba ta magana haka, 'yar'uwa." Duk inda ta fito ta soke ta, har biron ya huda takarda.

A cire Inna? Raina ya ɓaci. Yayana ya ce, "Ke ma da neman wahala! Je ki buga abinki."

Na nufi wurin mai buga littattafai na bayan tasha, ɗaki duk warin tawada. Ya auna kaurin kwafin da ke hannuna da yatsu biyu.

"Malama, kwafi nawa?"

"Ba za ka karanta ba?"

"Ni? Ko a juye kika rubuta sunanki, haka zan buga."

To fa! Wannan ba zai taɓa Inna ba, amma ba zai ma san da ita ba. Editar kuwa ita ta gano na bar wani makanike a wajen jirgi tun babi na huɗu, na manta ban shigo da shi ba.

Duk da haka na zaɓi Inna. Na koma ofishin editar na karɓi takarduna da ke wurinta, amma bakina ya ƙi shiru.

"Don Allah, me tambayar nan ta yi miki har kika huda takarda?"

"Ba komai. Ta yi yawa ne."

Sai wayarta ta yi ƙara, 'yarta ce daga makarantar kwana. Ta ɗaga, ko gaisuwa babu ta ce wa 'yar: "Kin ci abinci kuwa?"

Ta dube ni. Da ta ajiye wayar sai ta ce:

"Ban taɓa yi mata wannan tambayar ba sai yau. Mu a gidanmu ba wanda ya yi mana."

Ta zare takardun daga hannuna.

"Bar su nan, tambayar ta zauna. Amma makaniken nan, ki shigo da shi ya ci abinci."