Ƙugun Zanzaro

Bu Ratmi ba ta iya lallashi ba, ko a gida ko a ɗakin bincikenta na jami'a. Ƙuruciyarta kaf a kan abu ɗaya ta ƙare: haɗa garin ferait, wani sinadari mai ƙarfe a ciki, iri biyu, mai taurin kai da mai laushi, su zama maganaɗisu guda. Mai taurin kan, in ya fuskanci gefe ɗaya, ko sama da ƙasa za su haɗu ba ya juyawa, sai dai jansa bai taka kara ya karya ba. Mai laushin kuwa akwai ja, amma da ka ɗauke hannu ya manta komai. In sun kama juna, na'urar awo takan zana layi sumul. In kowa ya kama gabansa, sai layin ya tsuke a tsakiya, abin da suke kira ƙugun zanzaro.

Ƙugun nan shi ya hana ɗalibarta Lintang gama digiri. Baiwar Allah ta kwaso baƙin yashi daga bakin teku, ta tace, ta niƙa, ta gasa a tanda, a auna, zanzaro dai.

"Ƙara wuta, Nduk," in ji Bu Ratmi kullum, haka take kiranta, wato 'yata a yarensu. "Ɗanye ne. Ko tempe, awarar nan tamu, kika soya haka, wa zai ci?"

"Bu, ko dai a ɗan rage..."

"Au, ni za ki koya wa gashi?"

Ran nan Lintang ta zo ta kama hannun malamar ta ɗora a goshinta, gaisuwar girmamawa irin tasu, ta ce ta gaji, za ta koma ƙauye wajen iyayenta. Bu Ratmi ta ce Allah ya kiyaye hanya, ko ɗago kai ba ta yi ba. Amma wallahi abin ya ci ta, don ba ta taɓa samun ɗaliba mai hannu irin na yarinyar nan ba.

Tana kwashe tarkacen Lintang sai ga wata 'yar kwalba a can bayan kantar ajiya. Ta gane ta. Gashin ranar da aka yi ruwa da tsawa ne, lantarki ya ɗauke ana tsaka da aiki, tanda ta huce. Ita da bakinta ta ce a zubar. Ashe Lintang ta kasa zubarwa.

Ƙyashin asara kawai ya sa ta zuba garin a na'ura. Layi ya tashi, ya lanƙwaso, ya gangaro sumul. Ba ƙugu.

Ta ja kujera ta zauna. Dalilin ai ita ke koyar da shi a aji: in zafi ya yi yawa, ƙwayoyin mai laushin sukan kumbura har riƙon mai taurin ya kasa kaiwa cikinsu, sai kowa ya ware. Ta sani sarai, amma ba ta taɓa zargin hannunta ba. Kunya ta rufe ta.

Ta daɗe tana juya waya kafin ta kira. Can aka ɗauka, tana jiyo kukan kaji a tsakar gida.

"Nduk, ni ce. Na auna na ranar tsawa. Dawo ki gani da idonki. Wuta ce ta yi yawa."

Lintang ta ce a hankali, "A tanda, Bu?"

Bu Ratmi ta share ido da gefen mayafinta.

"Har da tandar."