Shokzobar Keken Bube

…a'a, ba sifirin ba ne. Na faɗa tun kafin in ɗauki sifana. Sifirin lafiyarshi lau. Ciki ne ya mutu — mai ya tsiyaye, ga ƙasa nan ta manne, baƙa ƙirin. Ka danna sirdi ya nutse ƙwal, ya zabura kamar an tsikare shi. Shekara ashirin da shida ina gyaran keke a bakin titin nan na Kankia, a ce ni Nata'ala ban san matacciyar shokzoba ba?

Malam Abdulbaƙi na kan benci, ya dafe ƙugu. A bayan mota ya ɗoro keken daga Rimaye. Tun da ya faɗo daga kan rumbu bara, bayanshi bai son girgiza. Babur ma likita ya hana. Wannan keken gwanjon mai shokzoba a tsakiya tana shanye girgiza, shi kaɗai ke kai shi Islamiyyar da yake karantarwa a ƙauye ya maido shi ba a kwantar da shi ba. Sati biyu bai je ba. Masu makarantar sun fara maganar ɗauko wani malami.

Wai wani ya ce mashi a cire, a yi waldar ƙarfe a wurin. Walda! Ga mutumin da ruku'u ma sai ya ciji leɓe…

Alankin kwance noti, mai lamba biyar. Notin sama — ya zo. Na ƙasa ya cije. Ɗan kananzir, bugu ɗaya, a jira. Ya zo. Bush, zobban da noti ke ratsawa, sun cinye, ba komai, zan yanka wasu. Robar da ke tare mai ta fashe, ina da irinta a gwangwani. Saura sandar ciki. In bi ta da farce…

Kash.

Zane ne, mai zurfi, tun daga sama. Duk robar da na sa, kwana bakwai zai cinye ta. In rufe in ce an gyara? Ya mutu mashi a tsakiyar hanya? Ban taɓa ba. Canji take so.

In aika Kano? Kwana nawa, kuma su kawo mani doguwa ko gajera. Bari in gwada da zare, daga wannan ƙofar noti zuwa waccan. Tsawon tafina da yatsa biyu.

Na san tsawon nan.

Kar ka ɗaga kai, Nata'ala.

Na ɗaga. Yana nan inda na rataye shi a azarar rumfa, shekara uku. Keken Bube. Ƙanena, tela a Kusada, kullum sai ya ratso ta Mawashi don dai ya bi ramuka — Yaya, ji yadda yake shanye su! Dariya har da buga sirdi. Zazzaɓin kwana huɗu. Huɗu kacal. Ranar sadakar bakwai Inna ta riƙe kan keken da hannu biyu: kar a saida, kar a hau. Duk Juma'a sai ta biyo ta nan, ta tsaya daga bakin rumfa, ta ɗaga ido. Ka goge shi? Na goge, Inna.

Ba saidawa zan yi ba. Ba hawa ba. Noti biyu ne kawai…

Bube, kai da ka ba baƙo takalmanka a masallaci ka dawo gida ba takalmi. In da kana nan, da tuni ka hau kujera ka sauko da shi kana mani tsiya, wai ina jan jiki. Ko ba haka ba?

Na sauko da keken, ya fi yadda na tuna nauyi. Zare — daidai, ko gashi bai wuce ba. Danna shokzobar tashi: tana shiga a hankali, tana dawowa a hankali. Da ranta. Na kwance ta, na kai keken Malam. Giris a bush, noti ya bi hanya da yatsa kafin alanki, ba a tilasta mashi. Malam ba shi da jiki, in sassauta zoben sifirin zagaye biyu. Uku. Haka.

"Malam, bisimilla, hau."

Ya bi ta kan tudun kwalbati. Ba keken nake kallo ba, fuskarshi. Bai ciji leɓe ba. Ya kewayo, ya sake bi, da gangan.

"Allah ya jiƙan mai shi," ya ce. Ashe ya gane.

Amin. Ya tafi.

Na maida keken Bube azara. Wilin baya ya karyo, ya naɗe zuwa ciki, yana lilo. Ba haka Bube ya bar shi ba.

Matacciyar tana hannuna. In na wanke ta da fetur na ɗaura, daga bakin rumfa wa zai bambance? Idon Inna ya yi rauni. Minti biyar ne aikin. Ni da ban iya rufe wa baƙo zane ba, sai in rufe wa…

Ko in tare ta da magana tun kafin ta ɗaga ido. Inna, wani bawan Allah ne, yana karantar da yara — ta ce me?

Bari in zauna. Hannuna duk giris. Yau Alhamis.