Filin Ƙwallon Koci Tak

"Maman Won-jae, matsa gefe. Kin tsaya mini cikin yadi sha takwas na gaban raga."

Bok-hui ta dubi ƙafafunta. Silifas ɗinta sun yi fari fat. Tsohon ya bi rufin gidansa kaf da garin fulawa, ya ja layuka a kan koren simintin, ga tsakiya, ga kusurwa, ga raga biyu da ya haɗa da tulunan da marigayiyar matarsa take jiƙa kabejin kimchi a ciki. Tsakar rana ce, sararin garin Mokpo ya yi tas, ana jin kukan jiragen ruwa daga tasha, amma sai da tsigar jikinta ta tashi.

"Koci, miya na kawo maka. Sauko ka sha tun da zafinta."

"Sai an tafi hutun rabin lokaci."

Koci Tak ya rame har rigar atisayensa ta zama kamar an rataye ta a ƙusa. Tun bazara likitoci suka sallamo shi gida, suka ce a bar shi ya huta. 'Yarsa Sun-ok tana aiki a Seoul, sai ƙarshen mako take zuwa, ita ce ta roƙi Bok-hui ta riƙa leƙa shi tunda bango ɗaya ne ya raba su. Bok-hui ta amsa ne don kunya kawai. Ta yi shekaru ba ta gaishe shi da fiye da sunkuyar da kai ba.

Ya sa usur a baki ya hura, iska kawai ta fito. Idonsa yana bin wani abu daga wannan kusurwa zuwa waccan, a hankali, kamar mai kallon yaro a guje.

"Fode, ka cika riƙe ta. Sake mana," ya faɗa. Sai ya juyo wurinta, fuskarsa a sake. "Yaron nan ƙafar hagu gare shi kamar hannu. Amma ki gaya wa ɗanki rigar ta yi wa Fode kaɗan. Dubi tsintsiyar hannunsa duk a waje."

"Wace riga?"

"Shuɗiyar nan mai hula. Wadda kika ɗinka wa suna a wuya."

Bok-hui ta ajiye tiren a kan tulu don kada ya suɓuce mata. Ta waiwaya inda yake kallo. Babu komai sai igiyar shanya da jan barkono a kan tabarma.

Ta san rigar. Ita ta saya, ita ta zauna da jan zare ta ɗinka sunan ɗanta a cikin wuyan, ana saura kwanaki ya tafi. Shekarunsa sha uku a lokacin. Koci Tak ne ya gano shi a filin firamare, shi ya yi ta sintiri gidansu har sai da ita da mijinta suka yarda, shi ya haɗa su da dillalin da ya kai yaron wata babbar ƙungiya a Sifen. Unguwa duk ta fito rakiya. Shekara biyu ana nuna musu shi a waya yana cin ƙwallaye, mahaifinsa yana yawo da hoton a kasuwar kifi.

Daga nan hukumar ƙwallo ta duniya ta ce ƙungiyar ta karya doka, ta kwaso yara daga ƙasashen waje kafin su kai sha takwas. Aka sa mata takunkumin sayen 'yan wasa. Ƙungiyar ta shanye hukuncinta ta ci gaba da cin kofuna. Yaran kuwa aka ce ba za su ƙara buga wasa ba sai sun cika shekaru, daga baya ma aka hana su filin atisaye. Koci Tak yana ta cewa a yi haƙuri, kwana nawa ne. Won-jae ya zauna can yana jira. Da ya cika sha takwas aka gwada shi aka ce ƙafarsa ta mutu. Ya dawo ya tarar mahaifinsa ya rasu, ya shiga aikin fenti a ma'aikatar jiragen ruwa, bai ƙara taɓa ƙwallo ba, bai kuma taɓa taka ƙofar Koci ba. Rigar kuma, ya ce mata ya mance ta a jirgin ƙasa, har ta yi masa faɗa a waya.

Da yamma Won-jae ya dawo yana warin fenti. Yanzu shekarunsa ashirin da shida, dogo, mai ƙarancin magana. Ta bari ya ci rabin shinkafarsa.

"Tsohon can ya fara ganin mutane," ta ce.

"Ai dama."

"Wane ne Fode?"

Tsinken cin abincin ya tsaya masa a iska. Ya ajiye shi a hankali.

"A ina kika ji sunan nan, Mama?"

Ta gaya masa komai, har maganar tsintsiyar hannu. Won-jae ya daɗe yana kallon bangon da ya raba su da gidan Koci.

"Ɗakinmu ɗaya," ya ce. "Ɗan Gini ne. Ya girme ni da shekara, ya fi ni tsawo, ya fi ni iyawa, ya fi mu duka. Da abin ya faru, irinsa aka fara sallama. Dillalinsa ya kashe waya. Ba shi da kowa a can, ba ya kuma so ya koma gida hannu biyu, don ya ce garinsu kaf aka yi masa rakiya. A tashar jirgi yake kwana. Ina ɓoyo masa burodi a aljihu."

"Ba ka taɓa faɗa mini ba."

"Da sanyi ya shigo sai ya ce zai haura dutse ya shiga Faransa, wai akwai wanda zai gwada shi a can. Riga ɗaya ce a jikinsa, shara-shara. Na ba shi tawa. Ya yi ta dariya, ya ce ya zama ɗan Koriya. Bayan nan 'yan sanda suka zo masaukinmu. Sun tsinci yaro a gefen layin dogo, can sama cikin ƙanƙara. Babu komai a jikinsa sai sunan da ke wuyan riga. Sun nemo mai karanta rubutunmu, suka zo su sanar an tsinci gawata. Ni na buɗe musu ƙofa."

Bok-hui ta cusa hannuwanta ƙarƙashin cinyoyinta.

"Da sunana aka ajiye shi a asibiti, Mama, har sai da na je na gaya musu nasa."

"Koci ka gaya wa?"

"Ban gaya wa kowa ba."

"Ƙila dillalin nan ne ya ba shi labari."

"Ƙila," Won-jae ya ce. Ya tashi ya kai kwanonsa wurin wanki, ya bar ruwa yana zuba a kai.

Ranar Lahadi da hantsi ta ɗauki tire, sai ta ji takunsa a bayanta. Ba ta juya ba. Suka hau matakalar ƙarfen tare.

Koci yana zaune a kujerar roba a bakin layi, bargo a gwiwarsa. Ya sabunta fulawar. Da ya ga Won-jae bai nuna mamaki ko kaɗan ba.

"Ka makara, malalacin banza. Da takalmin aiki za ka shigo mini fili?"

"A yi haƙuri, Koci."

"Haƙurin me? Ɗan uwanka tun yaushe yake gudu shi kaɗai. Ka ga ko zama bai yi ba?"

Won-jae ya bi yatsan tsohon da kallo zuwa kusurwar da ke fuskantar teku.

"An hana ni shiga, Koci," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa, kamar ta yaro.

"Wa ya hana? Nan filina ne."

Tsohon ya laluba ƙarƙashin kujera ya turo wata tsohuwar ƙwallo da ta saki iska, fatarta duk ta ɓare. Ta gangaro ta tsaya a gaban Won-jae. Ya kwance igiyar takalmansa, ya cire su, ya jera a bakin matakala. Ya tsaya da safa a bayan farin layin.

Koci ya ɗaga hannuwa biyu yana juya su, yadda ake yi in za a canza ɗan wasa.

"Fode, fito haka nan. Ka yi ƙoƙari, yaro. Zo ka zauna ka huta." Ya janye bargon daga gwiwarsa ya shimfiɗa a ƙasa kusa da kujera, ya daddaɓe shi. "Won-jae, shiga."

Won-jae bai shiga nan take ba. Ya ɗan kauce gefe, kamar mai ba wani hanya, hannunsa na dama ya ɗago kaɗan, tafin a buɗe. Sannan ya tsallaka layin.

Da farko ƙafarsa ta yi nauyi, ƙwallon tana kuɓuce masa. Koci yana ta zaginsa, ya kira shi buhun shinkafa, ya ce kakarsa ma ta fi shi juyi. Can sai jikin ya tuna. Ya ɗaga ta a ƙafa, ya mayar gwiwa, ya sauke, ya zagaye tulu ya dawo, fulawa tana tashi a bayansa. Ya buga ta a hankali zuwa wurin bargon. Ta tafi, ta tsaya daf da shi, ta ɗan jima, sannan ta gangaro ta dawo ƙafarsa. Bok-hui ta gaya wa kanta ai duk rufin unguwar a karkace aka yi su saboda ruwan sama.

Won-jae ya taka ƙwallon ya tsaya, kansa a ƙasa, kafaɗunsa suna rawa.

"Kuka a fili?" Koci ya ce. "Maman Won-jae, kawo miyar nan. Yunwa ce."

Ranar Koci ya sha miya har ya nemi ƙari. Won-jae ne ya goyo shi ya sauko da shi, ya ce bai kai nauyin bokitin fenti ba. Daga ranar tsohon bai ƙara neman hawa rufi ba. Yana kwance a ɗaki yana kallon silin, ba ya kiran sunan kowa. Da Bok-hui ta yi ƙarfin hali ta tambaye shi ina ya san Fode, sai ya dube ta da idanu tas.

"Wa?" ya ce.

Cikin makon aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, farin ruwa yana zubowa daga indararon gidansa zuwa kwata. Da safe ta shiga da kunun shinkafa ta same shi a kwance ta gefe, hannunsa ɗaya ƙarƙashin kunci, jikinsa ya riga ya huce. Ta ajiye kwanon, ta gyara masa matashi, ta zauna a gefensa na ɗan lokaci kafin ta kira Sun-ok.

A zauren makoki na asibiti aka yi zaman. Tsofaffin yaransa suka zo, wasu da tumbi, wasu da sanƙo, suka sunkuya gaban hotonsa, suka koma ɗakin cin abinci suna tuna zagin da ya yi musu, suna dariya ƙasa ƙasa. Bok-hui tana taya rabon abinci. Tana zuba jar miya ta tambayi Sun-ok, kamar da wasa, ko mahaifinta ya taɓa zuwa Sifen.

"Baba? Inna, mutumin da ko jirgin ruwan tsibirin Jeju na nan kusa ya ƙi hawa."

Won-jae yana zaune shi kaɗai a teburin ƙarshe, cikin baƙar kwat ɗin mahaifinsa. Ta kai masa shinkafa da miya da farantin yankakken naman alade, yadda ake ba kowa.

"Mama, ƙaro shinkafa ɗaya. Da cokali."

Ta je ta kawo. Ya karɓa da hannu biyu ya ajiye a gefensa, inda babu kowa, ya daidaita cokalin a dama da kwanon. Sannan ya ɗauke farantin naman ya mayar da shi can ƙarshen tebur.

"Ba ya cin alade," ya ce.

Bok-hui ta koma ta samo soyayyen kifi ta ajiye a wurin. Ta durƙusa ta zauna daura da ɗanta. Ya buɗe murfin kwanon, tururi ya tashi siriri, su biyu suna kallonsa.