Keken da Baba Yahuza Bai Hau Ba

Duk Dutse babu wanda zai ce ya taɓa karɓar kekensa daga hannun Baba Yahuza ba tare da tsohon ya hau ba. Ko faci ya yi maka, sai ya tattare riga, ya gangara har bakin titi, ya matse birki, ya dawo, sannan ya miƙa maka. Shagon ɗinkina na jikin rumfarsa, na san halinsa. Da can har layi ake yi masa. Yanzu kowa ya koma babur da adaidaita, masu keken ma na gwanjo suke saye, in ya lalace su jingine shi a zaure. Sai a yi mako guda ƙuda kaɗai ke ziyartarsa.

Ran nan sai ga wani ma'aikacin sakatariya, Faisal, da keken motsa jiki mai giya, har da hular kwano. Birki ne ya saki. Tun kafin a kwance wayar birkin yake duban agogo, kamar wanda ya bar tukunya a wuta.

Baba ya gama, ya tattare riga, ya ɗaga ƙafa.

"A'a, Baba! Ina za ka?" in ji Faisal.

"Gwadawa zan yi, ɗana."

"Wannan ba irin naku ba ne, ga baƙin mai a jikinka. Abokaina duk suna da irinsa, zan turo maka su. Amma in sai ka hau, to daga yau shi ke nan."

Wallahi raina ya ɓaci. Na jira Baba ya balbale shi da faɗa, don ko alhazai ba ya raga wa kan wannan. Sai na ga ya waiga ya dubi rumfar da babu keke ko ɗaya, ya sauke ƙafa a hankali.

"Allah ya tsare," ya ce.

Faisal ya hau, ya bi gangaren da ke faɗawa mahaɗa, inda adaidaita ke kutsowa ba sallama. Kwana ta ɓoye shi.

Baba ya zauna, ya miƙe, ya kira sunana. "Misbahu, robar birkin nan sabuwa ce. Ban ji kamunta a gangare ba."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, lafiya lau. Bai ma ji ni ba. Ya bar rumfa a buɗe, ya bi gangaren a ƙafa yana duban kwalta, yana tambayar masu lemo ko sun ga wani mai hular kwano ya wuce.

Ba wanda ya lura da wucewarsa. Har aka kira la'asar Baba yana tsaye a can.