Shafin da Kaka Ta Hana a Karanta

Malama na tsugune tana jera zannuwan Kaka cikin kwali sai wayarta ta yi ƙara. Kawu ne, karo na uku tun safe.

"Kin rubuta abin da za ki faɗa gobe wajen jana'iza? Ke ce 'yar lelenta, kowa a coci ke zai zuba wa ido."

"Ina kai, Kawu."

"Ki faɗi yadda take karanta Littafi Mai Tsarki kullum. Ki taƙaita kuma, fasto ya ce minti uku."

Ko kalma ɗaya ba ta rubuta ba. Kawu kuwa ya manta, ko bai taɓa lura ba, cewa uwarsa ko sunanta ba ta iya karantawa. Littafin dai tana da shi, baƙi, bangonsa ya sha ɗinki. Takan rungume shi zuwa coci, ta buɗe a cinya, ko a juye yake babu ruwanta. Mai karanta mata Malama ce, tun tana aji biyu. Da ta dawo daga makaranta sai Kaka ta jawo kujera ta ce, "Zo ki ara mini idonki."

Daga baya aikin koyarwa ya kai Malama wani gari mai tafiyar yini guda. Yau shekara huɗu rabonta da ɗakin nan. Kowane hutu sai ta ce mai zuwa, kuma Kaka ba ta taɓa yin ƙorafi a waya ba, iyakarta, "Kina cin abinci kuwa?" Wannan shirun ne yake cin Malama. Ba ta san ko tsohuwar ta tafi da fushinta ba, kuma ba ta ga da wane baki za ta tsaya gaban jama'a ta yabe ta ba.

Ta dubi ɗakin. Gado ɗaya, kofi ɗaya, kujera biyu. Kaɗaici ya rufe ta.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani dattijo ne da tabarau ɗaure da zare, mai gyaran takalma na bakin titi, riƙe da takalman Kaka na zuwa coci.

"Sannu, 'yata. Ya haƙuri? Ta kawo su gyara ranar Talata, ba ta dawo ba." Ya ƙura mata ido. "Ke ce jikar. Ga hancin nan, ba ya ɓuya."

Ta karɓa ta yi godiya. Har ya juya, idonsa ya faɗa kan littafin a kan gado, ya tsaya.

"Ni da wannan mun sha fama."

"Kai kake karanta mata, Baba?"

"Ni da mai wankin da ke ƙasa. Har mai kawo takardar wuta, in tsautsayi ya sa ya same ta a gida." Ya yi 'yar dariya. "In na tsallake layi don in koma bakin aiki, sai ta ce, 'Mai takalma, ka haɗiye wa Ubangiji layi guda, amayo shi.' Ai duk a kanta yake, daga farko har ƙarshe."

"To, me ya sa take sa ku karantawa?"

"Mutum take so a ɗakin, 'yata."

Malama ta sunkuyar da kai.

"Baba, don Allah kada ka ɓoye mini. Ta yi fushi da ni?"

Ya tuɓe takalmansa ya shiga. Ya ɗauki littafin, ya buɗe inda wani jan zare yake, ya miƙa mata.

"Sau biyu muna sauke shi. Amma duk sa'ad da muka iso nan sai ta ɗora hannu ta ce, 'Wuce gaba. Nan jikata ta tsaya, direba ya dame ta da hon. Ta ce za ta ƙarasa mini in ta dawo.' Ban taɓa jin ta faɗe shi da ɓacin rai ba. Kamar dai wadda ta ajiye wa baƙo abinci."

Ya sa takalmansa a bakin ƙofa, ya sauka a hankali.

Malama ta tuna ranar. Jakarta a kafaɗa, tana karatu tana leƙen taga, ta rufe littafin a tsakiyar babi.

Wayar ta sake ƙara. Ta kife ta a kan kwali. Ta jawo kujerarta ta dā, ta juya ɗayar ta fuskance ta, ta zauna ta fara karantawa da ƙarfi. A layi na huɗu idonta ya cika, ta tsallake kalma. Ta dakata tana jiran a gyara mata.

Can ƙasa mai wanki tana ta bugun kaya. Malama ta koma farkon layin da kanta.