Kong Ibalari da Faifan Ranar Asabar

Kong Ibalari ita ce auta a ɗakinsu, don haka da mahaifiyarsu ta rasu, gidan katakon da ke gangaren Jaiaw ita ya faɗo wa, kamar yadda aka saba a garin Shillong na ƙasar Indiya, inda ake kiran mace Kong, namiji kuma Bah, don girmamawa. Ta gaji ɗakuna huɗu da bishiyar lemo da keken ɗinkin tsohuwar, sai kuma wata rumfar kwano a bayan gida wadda ba ta taɓa samun bakin cewa tata ce ba. Tun tana 'yar shekara goma sha takwas yayanta Bah Shemphang ya jibge gangunansa a ciki. Ya yi aure ya koma gidan matarsa a Mawlai, amma gangunan ba su bi shi ba, domin matar ta ce ya zaɓa, ko su ko ita.

Duk Asabar da ƙarfe biyu na rana su huɗu suke haɗuwa a rumfar. Shemphang na kan ganguna. Bah Lurshai, wanda ya yi ritaya daga gidan waya, shi ke riƙe da jita. Bah Khrawbok ke kaɗa babbar jita mai gurnani, mutum ne da sai ya wuni bai ce uffan ba. Mawaƙinsu kuwa Bah Teibor ne, mai gyaran agogo a bakin kasuwa, ɗan siriri mai dogon wuya.

Faifai ɗaya ne ya haɗa su. Na wasu Turawa ne masu kiɗan rok mai nauyi, waƙa goma ne a ciki. Wani ɗan uwan Teibor da ke aikin jirgin ruwa a Kolkata ya zo da shi a kaset, suka yi ta kwafa har muryar mawaƙin ta koma kamar daga cikin rijiya take fitowa. A shekarun da ake yawan saka dokar hana fita a garin, samarin nan huɗu a rumfar suke wuni, suna mayar da kaset baya da fensir, suna tsintar kiɗan ɗaya bayan ɗaya. Daga baya sun koyi wasu waƙoƙin, sun ma yi nasu da harshensu na Khasi, amma ko ta ina suka fara zama, a kan faifan nan suke ƙarewa. Ba su kaɗai ba ne. Direbobin tasi na saka shi, ɗaliban da ba a haifi iyayensu ba lokacin da ya fito suna yawo da shi a waya.

Ibalari ba ta taɓa saka shi da hannunta ba, ko sau ɗaya. Tela ce, kayan makaranta take ɗinkawa, tagar ɗakin ɗinkinta kuma tana kallon rumfar. Ranar Lahadi takan tsaya a sahun baya na mawaƙan coci, ta bi su da ƙaramar murya. In aka tambaye ta batun kiɗan yayanta, sai ta ce shekara arba'in ke nan ana fasa mata kunne, ta ci gaba da taka kekenta.

A shekarar da ta cika hamsin da takwas, dattawan unguwa suka aiko cewa suna son tsofaffin rumfa su kaɗa faifan daga farko har ƙarshe a bikin unguwa na watan Nuwamba. Su Shemphang suka amsa da murna, suka ƙara ranar Laraba a kan Asabar.

Ita ce ta fara jin abin da ke faruwa, tun kafin su yarda sun ji. Muryar Teibor ta soma gajiya. Waƙoƙi biyu masu sanyi yana ɗaukarsu lafiya lau, har ma sun fi daɗi a bakinsa yanzu. Amma waƙa ta bakwai, wadda kowa ke jira, akwai wurin da ganguna ke ɗaukewa, murya ta hau sama ita kaɗai ta tsaya. Da ya zo nan sai muryar ta tsage kamar tsohon yadi. Lurshai ya ce laifin lasifika ne. Shemphang ya ce sanyi ne. Suka sauke kiɗan ƙasa don ya iya kaiwa, sai waƙar ta mutu murus, ta zama kamar ta rakiyar gawa. Suka mayar da ita inda take. Babu wanda ya iya duban Teibor ya gaya masa gaskiya.

Wata Asabar a watan Satumba ana yayyafi, tari ya sarƙe Teibor a tsakiyar waƙa ta shida. Ya yi musu alama su ci gaba, ya fito shan iska. Sauran suka zarce cikin ta bakwai ba mawaƙi. Ibalari na kan keke tana haɗa hannun wata riga, ƙafarta na bin gangar yayanta kamar kullum. Da kiɗan ya kai inda murya za ta shiga ba ta shiga ba, sai bakinta ya cike gurbin. Ba ta yi niyya ba. Ta bi baiti na farko da na biyu, ganguna suka ɗauke, ta hau wurin nan ta zauna a kai daram har sai da numfashinta ya ƙare.

Da ta ɗaga kai, Teibor na tsaye a gindin lemo, ruwa na ɗiga daga hularsa, yana kallonta. Kiɗan rumfa ma ya tsaya. Teibor ya shiga rumfar ya ɗauki lemarsa, ya ce musu yana da agogon da za a zo karɓa, ya hau gangare ya tafi.

Laraba bai zo ba, Asabar bai zo ba. Sauran ukun suka shigo mata ɗakin girki suka zauna, ta zuba musu jan shayi, ta miƙa musu kwai, wato goron ƙasar da ake taunawa da ganye. Shemphang ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya ce, "Auta, ashe duk shekarun nan kina nan kina yi mana dariya."

Ta ce ita ba dariyar da ta yi, ɗinki take yi. Ya roƙe ta ta hau dandamali da su, Lurshai ya sa baki. Ta ce ba za ta tsaya a gurbin mutumin da ke raye yana tafiya da ƙafarsa ba, ga shi kuma ita ba ta taɓa riƙe makirfo ba, kuma matan coci za su yi wata guda suna taunarta. Khrawbok ya tauna kwai ɗinsa, can ya ce magana ɗaya, wai a je a ga Teibor. Kowa ya dubi kowa. Ta gane ita ake nufi.

Ranar Litinin da hantsi ta yafa mayafinta mai gida-gida, ta ɗauki agogon bangon mahaifiyarsu da ya daɗe a tsaye, ta hau tasi zuwa kasuwa. Shagon Teibor bai fi a shimfiɗa tabarma ɗaya ba. Ya karɓi agogon, ya buɗe bayansa, ya saka gilashi a ido, ya yi ta dubawa ba tare da ya dube ta ba.

"Kong, wannan agogon mai kawai yake so. Ba shi ya kawo ki ba."

Ta ce ba shi ba ne. Ta ba shi haƙuri, ta ce ba ta san yana waje ba.

"Haƙurin me? Kin kai inda na daina kaiwa tun shekara uku da suka wuce. Na sani, su ma sun sani, suna ta ɗora wa lasifika." Ya cire gilashin. "Abin da ya hana ni barci daban ne. Baiti na biyu, kalmar da kika faɗa a ƙarshe, babu ita a waƙar. Babu ita ma a Turanci."

Ta ce to ai a bakinsa ta ji ta.

Sai ya fara dariya har tari ya taso masa. Ya ce tun daga kaset ɗin nan mai shaƙewa ya tsince ta haka, daga baya ya ga rubutun waƙar ya gane kuskure ne, amma bakinsa ya riga ya saba. Ya aika aka kawo musu shayi. Ya gaya mata ya je asibiti, likita ya leƙa maƙogwaronsa ya ce wani ɗan tsiro ne a kan igiyar murya, ba mugu ba ne, amma ihu ya ƙare masa. Ya ce ranar da ya fara jin waƙar yana ɗan shekara goma sha tara, mahaifinsa bai daɗe da rasuwa ba, a gidansu kowa a hankali yake magana, sai ga wani mutum daga wata duniya yana buɗe baki iya ƙarfinsa, kuma ba wanda ya ce masa ya yi shiru. Ibalari ta ce ita ba ta san ma abin da rabin waƙoƙin ke cewa ba, abin da ta sani shi ne in Asabar ta zo rumfar ba motsi, ɗinkinta ba ya sauri.

"To za ki yi," in ji shi. "Amma ba yadda kika yi rannan ba. Daga wuya kike jawowa, waƙa uku za ki yi ki shaƙe. Ni zan koya miki, ba wancan kurman yayan naki ba."

Ta ce da sharaɗi, masu sanyin nan biyu nasa ne, kuma ba zai sauka daga dandamali ba har a gama. Ya ce zai duba. Ta ce ba dubawa ta ce ba. Ya mayar da gilashin idonsa, ya ce ta dawo karɓar agogo ranar Alhamis.

Makonni bakwai suka yi. Teibor malami ne mai tsanani. Yakan sa ta tsaya ta dafa ciki ta ja numfashi, ya rubuta mata kalmomin da manyan baƙaƙe a bayan kwalin kalanda, ya tsayar da kiɗa in ta shigo da wuri. Wani lokaci takan ga fuskarsa ta canja in ta hau wurin nan, ya juya yana gyara wata waya da ba abin da ya same ta. Ba ta taɓa nuna ta gani ba. Kalmar nan ta baiti na biyu kuwa sun yi gardama a kanta, shi yana so a gyara, ita ta ce haka unguwar nan ta san ta, aka bar ta.

Ranar bikin gari ya waye garau, ga rana ga sanyi. An kafa dandamali a filin ƙwallon unguwa, mata na sayar da jadoh, shinkafa da nama, a gefe. Ƙarfe uku aka kira su. Ibalari ta fito cikin shigar da take zuwa coci da ita, da rigar sanyi a sama. Da mutane suka ga ita ce ta nufi makirfo, sai filin ya ɗan yi tsit, wani daga baya ya ce ko an zo auna musu wando ne. Aka yi dariya, ita ma ta yi.

Waƙar farko muryarta na rawa. A ta biyu ta daina kallon mutane, ta sa ido a kan wani itacen fir da ke bayan fili. Teibor ya yi ta huɗu, a hankali, da muryarsa mai kaushi, tsofaffin da ke kan benci suna gyaɗa kai. Ta biyar da ta shida suka wuce. Da Shemphang ya buga farkon ta bakwai sai fili ya motsa, samari suka matso gaba, direbobi suka bar motocinsu a bakin hanya. Ganin haka ya ɗauke mata hankali, wurin shigarta ya zo ya wuce ba ta buɗe baki ba. Lurshai bai ko ɗaga kai ba, ya sake zagayo da kiɗan. Teibor ya matso kusa da ita, ya ƙirga mata da yatsa a kan cinyarsa, ta shiga.

Da ganguna suka ɗauke, ta ja numfashi daga inda ya koya mata ta hau. Ba ita kaɗai ta hau ba, rabin filin ya bi ta, masu iyawa da marasa iyawa, har da wata tsohuwa mai sayar da kwai da ta riƙe ƙugu tana yi da iya gaskiyarta. Teibor na gefenta ya rufe ido, leɓɓansa na motsi ba sauti.

Kafin rana ta faɗa bayan tudu sun gama duka goman. Suka kwashe kaya a motar wani maƙwabci, suka zauna a ɗakin girkinta suna cin jadoh da ta saya ta ajiye. Teibor ya ce ta ci rabin kalma a waƙa ta tara. Shemphang ya ce ai shi ma Teibor ɗin ya yi saurin shiga a ta huɗu, aka fara musu.

Washegari muryarta ta dishe ƙurmus, ba ta je sahun mawaƙa ba, ta zauna a benci cikin jama'a. Bayan an tashi matan coci suka kewaye ta, shugabar mawaƙa ta ce daga mako mai zuwa sahun gaba za ta dawo, ta daina yi musu rowa. Ibalari ta nuna maƙogwaronta, ta girgiza kai. Kwana uku tana yi wa masu kawo ɗinki magana da hannu. A na huɗu matar Teibor ta zo da kwalbar zuma da citta, ta ce mai gidan ya ce a gaya mata cokali ɗaya safe da yamma, kuma ranar Asabar kada ta makara.