Ranar da Tela Ya Kira Kowa

Ranar Talata ce, tun da hantsi rana ta buɗe, kwalta har tana kama takalmi. Tela na tsaye ƙarƙashin lemar Mai Kati yana kankare katin ɗari biyar da farce, a hankali, kamar mai cire ƙaya daga ƙafarsa.

Wannan kaɗai ya isa labari. Shekara tara Tela na riƙe da waya, bai taɓa sa mata katin da ya wuce na ɗari ba. Shi filashin ya sani: ta yi ƙara sau ɗaya ya katse, mai bukata ya kira. In ta kama dole ya kira, sai ka ji, "Ɗinki ya yi, zo," ƙit. Ko surukarsa haka yake gaishe ta. Mai Kati ne ya ja ra'ayinsa da wata garaɓasa: duk wanda ya sa na ɗari biyar, kamfani zai ba shi minti ɗari uku kyauta. Tela ya auna, ya ga wannan zai kai shi wata shida yana fantamawa.

Saƙo ya shigo. Ya karanta, ya goge fuskar wayar da rigarsa, ya sake karantawa.

"Kai, Mai Kati! Mene ne kuma 'zai ƙare ƙarfe shida na yammacin yau'?"

"Ai na yini ɗaya ne. Ban faɗa maka ba?"

"Ba ka faɗa ba, mugu!"

"To sai ka dage da surutu. Baki dai naka ne, ba haya ka ɗauko ba."

Tela mutum ne da ko guntun zare ba ya zubarwa. Ya rantse ba zai bar wa kamfani ko minti ɗaya ba. Ya koma shago, ya maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, ya taka keke, ya fara da Kawu.

"Kai ne ka kira da kanka?" in ji Kawu. "Kashe, kashe, bari in kira ka."

"A'a Kawu, kada ka kashe! Ya gida? Ya ƙafar? Ina akuyar nan mai ƙaho ɗaya?"

"Ta mutu shekara huɗu ke nan."

"Ayya. Ba ni labarin tun daga farko."

Akuya ta ci minti tara. Sai dai wanda ya saba da magana a taƙaice ba ya zama gwanin hira rana ɗaya. Kafin azahar gaisuwa ta ƙare masa, ga minti ɗari biyu na kallonsa. Ya kira Gwaggo, wadda in ta kama zance sai batir ya mutu, amma yau mamaki ya ɗaure mata baki. Shiru ya yi yawa, Tela ya lalubo abin faɗa.

"Gwaggo, kin tuna madubinki da ya fashe muna yara, aka doki Yaya? Ni na fasa. Ki yafe ni."

"Ni jikar mutum huɗu! Me ya kawo wannan maganar yanzu?"

"Ba komai. Lokaci ne ke ƙurewa, gara in faɗa."

Nan ya gano cewa neman gafara ya fi gaisuwa cin lokaci. Ya kira Yaya ya nemi yafiyar dukan da ta sha. Ya kira ƙaninsa ya yafe masa almakashin da ya ɓatar. Ya sake kiran Kawu, ya nemi gafarar abin da ya sani da wanda bai sani ba. Ana cikin haka ya yanka yadin wata malamar makaranta, hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo da taƙi guda. Mutum biyu suka kawo ɗinki, suka gaji da tsayuwa yana ɗaga musu hannu, suka tsallaka shagon gaba.

Shida saura kwata, saura minti goma sha huɗu. Sunaye sun ƙare, sai na matarsa. Ya kira yana murmushin mai nasara.

"Baban yara!" in ji ta, bayanta hayaniya. "Wane asibiti ka je ba ka faɗa mini ba?"

"Asibitin me?"

"Ga Gwaggo nan tana kuka tun la'asar. Kawu ya zo. Yaya ta zo da yaranta biyar da jakar kaya. Sun ce ban kwana kake yi da mutane!"

Tela ya katse, ya rufe shago da kwaɗo ɗaya maimakon biyu, ya zuba da gudu. Ya tarar da takalma jibge a bakin ƙofa kamar an buɗe kasuwarsu. Gwaggo ta kama fuskarsa, ta taɓa goshi, ta ja fatar idonsa ƙasa.

"Ya rame," ta ce.

"Gwaggo, haka nake tun haihuwa."

Da ya yi bayanin garaɓasa, Yaya ce ta fara fashewa da dariya, har tana dukan cinya.

"Wato da ba don kyauta ba, in mutu da dukan madubi a kaina? To ban yafe ba, sai ka ɗinka mini atamfa biyu!"

Kawu ya miƙe ƙafarsa mai ciwo a kan kujera, ya gyara zama. "To alhamdulillahi. Tunda mara lafiya ya warke, ai sai a ci abinci." Matar Tela ta dubi mijinta, ta danne dariya, ta miƙa wa ƙaninsa wuƙa ta nuna masa akurkin kaji.

Ga abin da aka rasa a ranar: kaji uku, shinkafa kwano huɗu, lemo katan biyu, kuɗin motar Gwaggo zuwa da komawa, yadin malama, masu kawo ɗinki biyu, ɗinkin atamfa biyu kyauta, da minti goma sha ɗaya da kamfani ya kwashe ƙarfe shida daidai, Tela na tsakiyar titi yana gudu.